Lambun Gida a Lokacin Annoba: Yadda Ake Koyar da Shi ta Waya da Abubuwan da Za a Kiyaye

A ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar korona a Najeriya, a birnin Legas. Kafin watan Afrilu ya ƙare dokar kulle ta iso Kano, ta kuma haɗu da azumin Ramadan. Kasuwanni a rufe suke, sai 'yan sa'o'in da ake sassautawa a wasu ranaku na mako, masu neman na yau da na gobe kuma suna zaune a gida. Idan kuɗi ya yi wa magidanci kaɗan, hatsi yake fara saya domin a cika ciki. Ganye da kayan miya da ƙwai da nama su ne ake fara yankewa daga cefane, kuma yara ƙanana da mata masu ciki ne jikinsu ke fara nuna wannan giɓin.

A wancan lokacin ina duba yara a wani asibiti, kuma yawancin iyayen da muke bibiyar 'ya'yansu sun daina zuwa, wasu saboda rashin abin hawa, wasu saboda tsoron kamuwa da cutar. Sai muka koma kiran su ta waya. Da muka gaji da cewa a ba yaro ganye alhali mun san babu hanyar sayen sa, muka fara koya wa iyaye mata yadda za su shuka shi a tsakar gida, ta hanyar saƙon murya. Annobar ta lafa, amma tsadar abinci tana nan, kuma ambaliya ko rashin tsaro ko wata cutar na iya sake raba mutane da kasuwa. Wannan bayani na iyalan da ke son fara lambu ne, da kuma duk wanda ke son koyar da 'yan uwa ko maƙwabta daga nesa.

Me ya haɗa likita da lambu?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganyayyaki da 'ya'yan itatuwa a kowace rana, wato kusan cikin tafin hannu sau biyar. Dankali da rogo da doya ba sa cikin wannan lissafi. Gidaje da yawa ba sa kaiwa ko kusa da haka, musamman a bazara lokacin da ɗanyen ganye ke tsada.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, a Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi. Binciken ya kuma nuna kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa wata 59 suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49. Dalilan ƙarancin jini suna da yawa, akwai zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da sikila da yawan zubar jini, amma ƙarancin abinci mai gina jini na cikin manyansu.

Ganye mai duhun kore irin su alayyahu da zogale da rama da lalo yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Wannan bitamin yana kare ido daga dundumi, yana kuma taimaka wa jikin yaro wajen yaƙi da ƙyanda da gudawa. A cikin ganyen akwai sinadarin ƙarfe da folet waɗanda ake buƙata wajen haɗa jini, da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi, da harza mai sauƙaƙa bayan gida da rage saurin hawan suga bayan cin abinci. Buhu uku ko huɗu a tsakar gida ba za su ciyar da iyali ba, amma za su iya sa a samu ɗanyen ganye a tukunya sau da dama a mako ba tare da an je kasuwa ba.

Abin da ya kamata a fara shukawa

Kuskuren da masu farawa suka fi yi shi ne farawa da tumatir. Tumatir yana ɗaukar kusan wata uku kafin a ci, ƙwari suna son sa, zafi mai tsanani kuma yana zubar masa da fure. Wanda ya fara da shi ya ga ya lalace yakan yi fushi ya bar lambun gaba ɗaya. Gara a fara da abin da zai nuna sakamako da wuri.

Alayyahu shi ne na farko. Yana tsirowa cikin mako guda, ana fara yanka bayan mako uku zuwa huɗu, idan kuma aka bar gindinsa zai sake toho. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, don haka a gauraya shi da ɗan yashi kafin a barbaza, kada ya taru wuri ɗaya.

Rama da yakuwa da lalo sun saba da ƙasarmu da zafinmu, ba sa buƙatar lallashi. Kuɓewa tana fara 'ya'ya bayan kusan wata biyu; a jiƙa irin ya kwana a ruwa, a sa ƙwaya biyu a kowane rami, idan ta fara haihuwa a riƙa tsinka bayan kwana biyu ko uku kafin ta yi tauri. Lawashi kuwa ko iri ba ya buƙata, gindin albasar da aka yanke ya isa, a binne shi saiwa na ƙasa.

Idan akwai ɗan fili a jikin katanga, a dasa zogale, da ƙwayarsa ko da reshe. Da ya kai tsayin kusan mita ɗaya a yanke kansa domin ya yi rassa ƙasa-ƙasa inda hannu zai kai. Bayan hannu ya faɗa, sai a ƙara da kabewa da attaruhu da tumatir, da dankalin Hausa mai cikin ruwan lemo idan an samu irinsa, domin yana da bitamin A sosai, ganyensa ma ana miya da shi.

Yadda ake haɗa lambun buhu

Yawancin gidajen birni ba su da fili, wasu ma haya ake yi kuma an yi wa tsakar gidan siminti. Buhun shinkafa ko na masara ya wadatar, haka tsohon bokiti ko bahon roba da ya tsage.

1. A zaɓi wurin da rana ke samu aƙalla awa shida, wanda kaji da awaki ba za su kai ba. Idan bazara ce, wurin da ke samun hasken safe da inuwar la'asar ya fi.
2. A huda gindin buhun ko bokitin wurare da yawa domin ruwa ya riƙa tsiyayewa. Shukar da ruwa ke kwanciya a gindinta saiwarta ruɓewa take yi.
3. A gauraya ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Idan ƙasar laka ce mai danƙo a ƙara mata yashi.
4. A cika buhun, a bar kamar faɗin tafin hannu daga baki, a ba shi ruwa ya kwana kafin a yi shuka.
5. A riƙa ban ruwa da sassafe ko da yamma. Kafin a ƙara, a cusa yatsa cikin ƙasar. Idan da danshi a bari tukuna.
6. A rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa bayan shukar ta ɗan tasa, hakan yana rage ƙafewar ruwa.

Kada a yi shuka a mazubin da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko fenti ko baƙin mai ko ruwan batir, ko da an wanke shi.

Yadda ake koyarwa daga nesa

Abu na farko da muka gane shi ne rubutu ba ya kai saƙo. Mata da yawa ba sa karanta boko da sauri, wasu ajami suka fi sabawa da shi, amma kowa yana jin magana. Saƙon murya cikin Hausa, wanda bai wuce minti biyu ba, shi ya fi aiki. Bidiyo yana cin data, a unguwannin da sabis ba shi da ƙarfi ma ba ya buɗewa, don haka hoto ɗaya mai kyau tare da murya ya fi shi amfani.

Kowane saƙo ya ɗauki darasi ɗaya tak. Yau huda buhu da haɗa ƙasa, bayan kwana biyu barbaza iri, bayan mako guda rage shukar da ta yi cunkoso. Idan aka jera komai a saƙo ɗaya, za a saurara a ce an gane, amma ba za a aikata ba. Mai koyarwa shi ma ya shuka nasa buhun a rana ɗaya da ɗalibansa, ya riƙa turo hotonsa, har da ranar da ganyen ya yi rawaya ko tsutsa ta ci shi. Hakan yana cire wa mutane kunyar nuna nasu idan bai yi kyau ba.

A yi amfani da awon da ke cikin gida. A ce kwano biyu na ƙasa da kwano ɗaya na taki, zurfin gaɓar yatsa ɗaya, tazarar taƙi ɗaya, buta ɗaya ta ruwa. Bayan kowane darasi a nemi mutum ya maimaita abin da zai yi da bakinsa, ko ya turo hoton abin da ya yi. Haka muke yi a asibiti idan mun bayyana wa uwa yadda za ta ba da magani, domin tambayar “kin gane?” kusan kullum amsarta “eh” ce. Ta hoto muka gano matsalolin da suka fi yawa: buhun da ba a huda ba, ruwa fiye da kima, iri da aka binne da zurfi, da ɗanyen kashin kaji da ya ƙone shuka.

A kula da wanda wayar ke hannunsa. A gidaje da dama babbar waya ta maigida ce ko ta babban ɗa, ba ta dawowa gida sai dare. Shi ya sa turo darasi bayan sallar isha'i ya fi dacewa, kuma yana da kyau a nemi yardar maigida tun farko, domin shi zai samo buhu da taki. Wadda ba ta da babbar waya a kira ta kai tsaye, ko a haɗa ta da maƙwabciyar da za ta kunna mata saƙon. A kowace unguwa akwai tsofaffin da suka taso a ƙauye suka fi likita sanin noma. A ba su dama su amsa tambayoyi, zauren zai fi rai.

Idan ana lokacin annoba, raba iri ba ya buƙatar taro. A ƙulla shi a takarda, mutum ɗaya ya ajiye a ƙofar gidaje, a wanke hannu da sabulu kafin da bayan karɓa.

Zauren WhatsApp yana buƙatar doka biyu tun ranar da aka buɗe shi. Ta farko, ba a turo hoton yaro marar lafiya ko takardar gwaji a zaure. Wannan sirri ne, a kira likita a keɓe. Ta biyu, ba a yaɗa saƙon magani da ba a tantance ba. A lokacin korona an yi ta yawo da saƙonnin cewa tafarnuwa ko citta ko lemon tsami ko zogale na kashe ƙwayar cutar. Waɗannan abinci ne masu amfani, amma babu ɗayansu da ke hana kamuwa da korona ko warkar da ita. Idan irin wannan saƙo ya shigo, a gyara shi nan take cikin ladabi, domin shirun likita a zaure mutane suna ɗaukar sa a matsayin amincewa.

Kada lambu ya zama hanyar cuta

Ruwa. Ruwan alwala da na wanke shinkafa da na wanke kayan miya duk sun dace da ban ruwa. Ruwan kwata, da ruwan da ya fito daga banɗaki, da wanda aka wanke kashin yaro ko kayan marar lafiya da shi, ba su dace ba ko kaɗan, domin ta nan ake ɗaukar taifod da kwalara da tsutsar ciki. Ruwan wanki mai omo ko bilic kuma yana kashe shuka. A zuba ruwa a gindin shuka, kada a watsa a kan ganyen da za a ci.

Taki. Ɗanyen kashin dabbobi yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa. A tara shi a gefe, a riƙa yayyafa masa ruwa ana juyawa har wata uku zuwa huɗu, sai ya yi baƙi ya daina wari. Ba a amfani da bayan gidan mutum ko kashin kare da na kyanwa. A wanke hannu da sabulu bayan aikin lambu. Wanda ƙusa ko gwangwani ya yanke shi ya wanke ciwon da ruwa da sabulu, ya je a duba ko yana buƙatar allurar tetanus, cutar da ke sandarar da jiki ta sarƙe haƙora.

Sauro. Cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ƙwan sauro ke zama sauro a ruwan da ke kwance. Duk randa ko duron da ake tara ruwan lambu a rufe shi, a zubar da ruwan da ya taru a ƙarƙashin bokitai da cikin tsofaffin tayoyi. Rufe mazubin ruwa yana kuma kare yaro mai rarrafe, wanda zai iya faɗawa da ka cikin bokiti ya kasa fitowa.

Maganin ƙwari. Ƙaramin lambu ba ya buƙatar feshin guba. A cire tsutsa da hannu, a barbaɗa toka, ko a daka ganyen darbejiya a jiƙa ya kwana a tace a fesa da yamma. Kada a taɓa fesa fiya-fiya ko maganin sauro a kan ganyen ci, kada kuma a ajiye guba a robar lemo inda yaro zai ɗauka abin sha ne. Alamomin shan irin wannan guba sun haɗa da dalalar miyau, gumi, amai, ƙanƙancewar ƙwayar ido da wahalar numfashi. Idan haka ta faru kada a ɗura manja ko madara, kada a sa shi amai da gangan. A cire kayan da gubar ta zuba a kai, a wanke fatar, a garzaya asibiti tare da kwalbar.

Ƙasa. Kada a ɗebo ƙasa daga bola, ko garejin gyaran mota, ko inda ake fasa batir, ko inda ake niƙa duwatsun zinare. Gubar dalma da ta ɓulla a ƙauyukan Zamfara a 2010, wadda ta kashe ɗaruruwan yara, daga ƙurar irin waɗannan duwatsu da ake niƙawa cikin gidaje ta fito.

Daga buhu zuwa tukunya

A wanke ganye da ruwa mai tsabta kafin a yanka shi, domin wankewa bayan yanka yana tafiya da wasu bitamin. Kada a dafa shi har ya canza launi, kuma a rage kanwa, domin tana lalata bitamin C da wasu nau'o'in bitamin B. Jiki ba ya tsotsar bitamin A sosai sai da ɗan maiƙo, shi ya sa kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, da miyar taushe mai gyaɗa, haɗi ne mai kyau tun asali. Sinadarin ƙarfe na ganye bai kai na nama da hanta da kifi saurin shiga jiki ba. Matsa lemon tsami ko cin tumatir ko gwaiba tare da abincin yana ƙara shigarsa, shan shayi a kan abinci kuma yana rage ta, don haka a jinkirta shayin da kamar awa ɗaya.

Jariri nono zalla zai sha har wata shida, ko ruwa ba a ba shi. Daga wata shida sai a fara dama masa dafaffen ganye da aka murje ko kabewa cikin kunu ko fate, tare da gyaɗa ko wake ko ƙwai ko dakakken kifi, ana ci gaba da shayarwa. Idan ganye ya yi yawa a shanya shi a inuwa inda iska ke kaɗawa, a kan tabarma mai tsabta, a adana a mazubi mai murfi domin bazara. Lokacin da ake fama da amai da gudawa a unguwa, a dafa duk wani ganye kafin a ci.

Masu wasu cututtuka su lura

Mai hawan jini zai amfana da yawan cin ganye, amma idan miyar ta cika gishiri da dunƙulen ɗanɗano ribar ta ragu. Gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule.

Mai ciwon suga ya yi ƙoƙari rabin kwanonsa ya zama ganye da kayan lambu, ya kuma tuna dankalin Hausa yana cikin abincin da ke ɗaga suga. Kada ya shiga lambu ba takalmi, ya riƙa duba ƙafarsa kowane dare, domin ƙaramin yanka na iya zama gyambo.

Mai ciwon ƙoda da ya yi nisa, musamman wanda ake yi wa wankin ƙoda, kada ya ƙara yawan alayyahu da tumatir da zogale sai ya tambayi likitansa. Suna da sinadarin fotasiyam da yawa, wanda idan ƙoda ta kasa fitar da shi yake dagula bugun zuciya. Wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda shi ma ya tambaya game da alayyahu, ya kuma yawaita shan ruwa.

Mai shan warfarin, maganin tsinka jini, ba a hana shi ganye ba. Abin da ake so shi ne yawan da yake ci ya daidaita, domin bitamin K na cikin ganye yana rage ƙarfin maganin. Idan ya fara lambu cin ganyensa ya ƙaru, ya sanar da likita domin a duba gwajin jininsa.

Mai ciki ta ci ganyen zogale a matsayin abinci, amma ta guji saiwarsa da ɓawonsa. Ta ci gaba da shan ƙwayoyin ƙarin jini da zuwa awo.

Lokacin da za a bar lambu a tafi asibiti

Babban haɗarin da muka gani shi ne mutum ya ajiye maganinsa saboda ya fara cin zogale ko shan zoɓo. Hawan jini da ciwon suga sukan yi ɓarna ba tare da an ji komai ba, har sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza. Ba a rage magani sai bayan awo, kuma likita ne zai rage.

Yaron da ya riga ya kamu da tamowa mai tsanani yana buƙatar abinci na musamman da magunguna waɗanda ake bayarwa a cibiyoyin kula da tamowa. A kai yaro asibiti a ranar, ko ana dokar kulle, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- kumburin ƙafafu biyu
- rama sosai, ko awon damtse ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5 ga ɗan wata 6 zuwa shekara biyar
- ƙin cin abinci ko ƙin kama nono
- gudawa mai jini, ko wadda ta kai mako biyu
- tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat
- numfashi da sauri, jijjiga, ko yawan barci da wuyar tashi

Babba kuma da ke haki daga ɗan motsi, ko jiri, ko kumburin ƙafa, ko mai cikin da ke ganin jini, kada su tsaya jiran ganye ya yi aiki.

Wanda ke son farawa ya nemi buhu ɗaya da irin alayyahu a wannan makon. Idan ya tsiro, ya ɗauki hotonsa ya tura wa 'yar uwa ko maƙwabci tare da bayanin yadda ya yi. Allah ya ba mu lafiya, ya kuma sa albarka a abin da muka shuka.